A bar ɗaliban lafiya su ga kansu a bidiyo tun suna lakwal

Jama'a masu karatu, musamman ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata, na Kasuwar Dole ta Damagaram, da na babbar kasuwar Maraɗi, da na Tawa, da na Katako da Wadata a Yamai. Yau za mu ajiye zancen farashin gero da canjin sefa da naira, mu leƙa makarantun da ake koyar da malaman asibiti da ungozomomi, domin abin da aka koya a can, mai kyau ko marar kyau, a jikinmu da na ƴaƴanmu yake ƙarewa.

Babu wanda bai san zancen ba. Duk rumfar da mata suka zauna, in aka taɓo maganar asibiti, kowace tana da labarin da za ta bayar: ta gai da malama ba a amsa ba, ta fara bayanin ciwon yaro an katse ta, an miƙo mata takardar magani ba a gaya mata sau nawa za ta ba shi ba, ko kuwa an daka mata tsawa a matanite lokacin da take tsakanin rai da mutuwa. Akwai kuma masu labarin alheri, na majon da ya tashi tsakar dare ya ɗaura wa yaro ƙarin ruwa bai nemi ko dala ba. Mun daɗe muna wannan hira a ƙarƙashin rumfa, mu yaba, mu kushe, sannan mu watse. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne: a ina ake ƙera hannun malamin asibiti da bakinsa, kuma me za a iya yi tun a can?

To ga ra'ayinmu. Kowace makarantar lafiya a ƙasar nan, ta gwamnati ko ta kuɗi, ya kamata ta riƙa ɗaukar ɗalibanta a bidiyo lokacin da suke gwada aiki, sannan a zaunar da kowane ɗalibi ya kalli kansa tare da malaminsa, ya ga inda ya yi daidai da inda ya kuskure, ya tashi ya sake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma fa akwai sharuɗɗa, kuma mu ma da namu aikin a ciki.

Mutum ba ya ganin ƙeyarsa

Wanda ya taɓa aika saƙon murya a WhatsApp, sannan ya kunna ya saurari kansa, ya san abin da muke nufi. Sai ka ji kamar wani ne yake magana. Ka ɗauka ka yi zance a hankali, ashe da sauri ka yi. Ka ɗauka ka yi taushi, ashe kamar faɗa kake. Haka abin yake ga hannu. Mai tuyar ƙosai da za a ce mata ta karɓi kuɗi ta shafi hanci ta koma ta taɓa ƙosai da hannu guda, sai ta rantse ba ta yi ba, kuma ba ƙarya take ba, ba ta gani ba ne. Hannun da ya saba da aiki yana tafiya shi kaɗai, mai shi bai sani ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Yanzu ku duba yadda ɗalibin lafiya yake koyo. A aji malami yana rubutu a allo, ɗalibai da yawa suna kwafa. In an tura su asibiti gwajin aiki, sai ka ga ɗalibai sun yi cincirindo bayan ma'aikaci guda wanda shi ma layin marasa lafiya ke jiransa har bakin ƙofa. Ba shi da lokacin tsayawa a kan kowa ya ce masa: nan ka kuskure. In ma ya faɗa, to bayan abin ya wuce ne, ɗalibi ya ce na yi, malami ya ce ba ka yi ba, a rabu a haka. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne kwaikwayon abin da ya ga manya suna yi, mai kyau da marar kyau a haɗe. Ta haka ne tsawa da gajen haƙuri suke zama gado.

Yadda ake aikin da bidiyo ba shi da wuya. A ɗakin gwaji na makaranta, a kafa wayar salula a kan sanda mai ƙafa uku. A ba ɗaliba aiki guda wanda bai wuce minti 5 ko 10 ba, misali tarbar uwa da yaro mai zazzaɓi, ko yin allura a jikin mutum-mutumin roba. Idan ta gama, ita za ta fara kallo, ita za ta fara magana: me na yi daidai, me ya kuɓuce mini? Daga nan malami ya shigo da takarda wadda aka jera matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, ya tsayar da hoton a daidai wurin da ake magana, ya nuna da yatsa. Sai ta tashi ta sake, a sake ɗauka, ta ga bambanci da idonta. Gani ya kori ji. A ƙarshe a goge hoton a gabanta.

Abin da hoto ke kamawa

Mu ɗauki wankin hannu, wanda kowa ke ganin ya iya. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tsara tun 2009 lokuta 5 da ma'aikacin lafiya zai tsabtace hannunsa: kafin ya taɓa marar lafiya, kafin aikin da ke buƙatar cikakkiyar tsabta kamar allura ko wankin miki, bayan ya taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan ya taɓa marar lafiya, da bayan ya taɓa gadonsa ko kayan da ke kewaye da shi. Da ruwa da sabulu, aikin na ɗaukar sakan 40 zuwa 60. Da ruwan alkol na shafawa kuwa sakan 20 zuwa 30. Ku tambayi ɗalibi, zai ce ya cika. Ku kunna hoto ku ƙirga, a nan ne zai ga ko ya cika ko kuwa jiƙa hannu kawai ya yi, kuma zai ga lokacin da ya sa safar hannu mai tsabta sannan ya ciro wayarsa daga aljihu ya amsa kira. Maganar ba ƙarama ba ce. Rahoton OMS na 2022 ya ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar, 15 suna ɗaukar wata cutar a cikin asibitin kansa, alhali a ƙasashe masu arziki 7 ne. Wato ka kai ɗanka da ciwo guda, ka dawo da biyu, kuma jarinka ne zai biya na biyun.

Sai allura. Ɗuwawu ana raba shi kashi 4, a yi allura a kashin sama na gefen waje, domin akwai babbar jijiya da ta taso daga ƙugu ta gangara har tafin ƙafa. In allura ta same ta, yaro na iya tashi yana jan ƙafa har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya sa ga jarirai ake son gefen cinya. Garuruwanmu ba su rasa waɗanda allurar kinin ta gurgunta tun suna yara ba. Tazarar da ke tsakanin wurin da ya dace da wurin haɗari ba ta wuce faɗin ƴan yatsu ba. A baki ko a allo, ɗalibi zai ce ya gane. A hoto ne zai ga inda hannunsa ya sauka a zahiri.

Sai ƙirgar numfashi, wadda da ita ake gane ciwon huhu ga yaro mai tari. Ƙa'ida ita ce a ƙirga har minti guda cur, yaro yana kwance lafiya ba ya kuka. Daga wata 2 zuwa 11, in numfashi ya kai 50 a minti to ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Wanda ya ƙirga na ƴan sakan ya ninka a kansa don sauri, yana iya sallamar yaron da ya kamata a ba magani. Mu ƴan kasuwa mun san wannan sarai: wanda ya auna tiya bai cika ba, a cikin buhu ake ganin giɓi.

Sai jaririn da aka haifa bai yi kuka ba. Tsarin koyarwa da aka baza a ƙasashe da dama tun 2010 ya ce minti na farko shi ne minti na zinariya: a goge jariri, a shafa bayansa, in bai numfasa ba a fara hura masa iska da ƴar jakar roba kafin minti guda ya cika. Cikin ruɗewa, minti 3 yana wucewa mutum na ganin kamar yanzu ya fara. Hoton bidiyo yana da agogo a jikinsa. Ɗalibar da ta gwada da ɗan tsanan roba sau da dama, ta ga lokacinta yana raguwa a kan allon waya, ranar da za ta karɓi jariri na gaske ita kaɗai a wata ƙaramar asibitin karkara, hannunta ya riga ya san hanya.

Shimfiɗar fuska

Duk da haka, inda muke ganin bidiyo zai fi amfani shi ne tarba. A 2003 an wallafa wani littafi da faransanci mai suna Une médecine inhospitalière, wato likitancin da ba ya marhabin da baƙo, ƙarƙashin jagorancin Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan na cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai. Sun duba asibitoci a manyan birane 5 na Afirka ta Yamma: Abijan, Bamako, Konakiri, Dakar da Yamai. Abin da suka tarar mun san shi tun kafin a rubuta: wanda ya san wani a ciki ana karɓarsa da fara'a, wanda bai san kowa ba kuwa sau da yawa ba gaisuwa, ba kallon ido, ba bayani.

Tun daga lokacin an yi ƙoƙari ta fannin kuɗi. A 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, a 2024 kuma hukumomi suka rage kuɗin ganin likita da na sauran ayyuka da rabi a asibitocin gwamnati. Amma babu dokar da za ta sa mutum ya ɗaga kai ya ce wa tsohuwa: sannu Inna, zauna, me ke damun ki? Wannan sai an koya, kuma ana iya koyon sa. Mu da muke kasuwa mun fi kowa sanin cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mai rumfar da ke ɗaure fuska, ko kayanta sun fi na kowa araha, ciniki maƙwabciyarta yake komawa. Bambancin shi ne mai ciwo a ƙauye ba shi da rumfa ta biyu. In an wulaƙanta shi, sai ya koma ga mai tallar ƙwayoyi a kan tire, ko kuwa matar ta haihu a gida.

Wannan cuta ta katse marar lafiya ba tamu ce mu kaɗai ba. A 1984 wasu masu bincike biyu a Amurka, Beckman da Frankel, sun naɗi hirar likita da marar lafiya har 74, suka tarar cewa a tsakaici bayan sakan 18 kacal likita yake katse mai magana. Sai da aka naɗa aka ƙirga sannan abin ya fito fili. A Ingila kuma, a birnin Manchesta, Peter Maguire da abokan aikinsa sun bi sawun matasan likitoci 36, rabinsu an koya masu yin tambayoyi ga marar lafiya ta hanyar kallon kansu a bidiyo tun suna ɗalibai, rabin kuma ta hanyar da aka saba. A 1986 suka bayyana cewa bayan shekara 5, waɗanda suka kalli kansu har yanzu sun fi iya sauraro da tambaya. Likitoci ne aka gwada a can, amma kunnen malamin asibiti da na lokotoro duk iri ɗaya ne.

Kada wani ya ce abin na Turawa ne

A ƙasarmu aka yi ɗaya daga cikin sanannun misalan mayar wa mutane hotonsu don su yi gyara. A farkon shekarun 1950, Bafaranshen nan mai ɗaukar sinima, Jean Rouch, ya ɗauki farautar dorina da Sarkawan kogin Isa suke yi, fim ɗin da ya kira Bataille sur le grand fleuve. Daga baya ya koma Ayoru da majigi ya nuna masu. Masuntan suka kalli kansu, suka kuma ce masa ya yi kuskure: ya sa kiɗa a kan farautar, alhali kiɗa yana ƙara wa dorina ƙarfin zuciya, kuma ita wannan farauta shiru ake yin ta. Rouch ya cire kiɗan, kuma daga nan ya mayar da abin al'adarsa: ya ɗauka, ya komo ya nuna, ya saurari gyara. Ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004, an binne shi a Yamai.

Babban abokin tafiyarsa a wannan aiki shi ne Damouré Zika, ɗan Sarkawa, wanda ya fito a finafinansa da dama, kuma sana'arsa ita ce malamin asibiti. Ya rasu a 2009. Makarantar lafiya ta ƙasa, ENSP ta Yamai, sunansa take ɗauke da shi. To idan masunta a bakin kogi sun iya kallon majigi su fitar da kuskure shekara 70 da suka wuce, yaya za a ce ɗaliban lafiyarmu, waɗanda kowannensu ke da kyamara a aljihu, ba za su iya ba?

Inda muke da tsoro

Ba za mu ɓoye ba, akwai abin tsoro, kuma na farko shi ne sirri. Mun san yadda hoto yake yawo. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, in ya fita daga waya guda ba mai iya tattaro shi. Hoton mace a ɗakin awo ko a kan gadon haihuwa in ya shiga WhatsApp, yana iya kashe aure, ya zubar da mutuncin zuriya. Don haka sharaɗinmu na farko: a fara da ɗalibai a junansu, da mutum-mutumin roba, da masu lafiya da suka yarda su yi wasan marar lafiya. Mafi yawan abin da muka lissafa a sama ana koyon sa ba tare da an ɗauki marar lafiya na gaske ko guda ba. In har ta kama a ɗauki na gaske, to sai an yi masa bayani da harshensa, ya amince, a saita kyamara a kan hannu da fuskar ɗalibi, a kauce wa fuskarsa da tsiraicinsa. Wanda ya ce bai yarda ba, a duba shi kamar kowa, ba ɗaure fuska, ba mayar da shi ƙarshen layi. Ɗakin haihuwa kuwa a bar shi a rufe.

Na biyu, wayar ta zama ta makaranta, babu layi a cikinta, tana kwana a kulle a ofishin malami. Ɗalibi kada ya ɗauka da tasa. Nijar tana da dokar kare bayanan sirri na mutane tun 2017, wadda aka sabunta a 2022, da hukumar HAPDP mai kula da ita, akwai kuma dokar 2019 ta laifuffukan intanet. Duk wanda ya fitar da hoton marar lafiya, ɗalibi ne ko malami, a kore shi kuma a miƙa shi ga shari'a.

Na uku, kada bidiyo ya zama bulala. Mun san malaman da in suka samu kuskuren yaro sai sun tara aji an yi masa dariya. Ɗalibar da aka haska hotonta gaban mutum 60 ana ƙyalƙyala, abin da za ta koya shi ne ɓoye kuskure, kuma malamar asibitin da ta saba ɓoye kuskure ita ce mafi haɗari a kanmu. A yi kallon tsakanin ɗalibi da malami, ko cikin ƙaramin rukuni da suka saba da juna. A fara da abin da ya yi daidai. A zaɓi gyara guda ko biyu, kada a zube masa goma. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Masu bincike da suka tattara gwaje-gwaje da dama sun nuna cewa hoto shi kaɗai ba ya gyara kowa. Amfanin yana fitowa ne idan akwai malami mai iya tattaunawa, da takardar da ta fayyace abin da za a duba. Don haka kada wata makaranta ta sayo kyamara mai tsada ta rataye a bango don burge iyaye. A fara koya wa malamai yadda ake gyara ba tare da muzantawa ba, su ma kuma su yarda a ɗauke su suna koyarwa su kalli kansu.

Wasu za su ce: kowa ya ga kyamara zai gyara zama, da an kashe ta ya koma halinsa. Haka ne, a ranar farko. Amma abin da hannu da baki suka maimaita sau da yawa shi ne yake zama ɗabi'a. Yaron shago ma da farko don idon maigida yake gai da masu saye, daga baya gaisuwar ta zame masa jiki.

Wasu kuma, musamman ma'aikatan lafiya, za su ce: ku ba mu ruwa da sabulu da safar hannu, ku ƙara mana ma'aikata, ku biya ƴan kwantaragi a kan lokaci, sannan ku zo da zancen bidiyo. Suna da gaskiya. OMS ta ce ana buƙatar aƙalla likitoci da malaman asibiti da ungozomomi 44 zuwa 45 ga kowane mutum 10.000, kuma Nijar tana nesa ƙwarai da wannan adadi. Wanda ya duba mutum 80 tun safe bai ci abinci ba, dole haƙurinsa ya gajarta. Muna tare da su a wannan kuka, kuma za mu ci gaba da yin sa a wannan shafi. Amma ƙarancin ma'aikata shi ne ma ya sa muke son kowane guda da zai fito ya fito da gwaninta, tunda sau da yawa shi kaɗai za a tura gari, ba wanda zai duba bayansa. Kuma abin da muke nema ba ya buƙatar kuɗin ƙasashen waje. Waya ce guda, da sandar da mai waldan unguwa zai ƙera. Ba ya son intanet, kuma ko kuran ya ɗauke, wayar da ke da caji tana aiki.

Namu aikin

Ga inda ƴan kasuwa za su shigo. Tun 1963 wani likita a Amurka mai suna Howard Barrows ya fara koya wa masu lafiya su yi wasan marar lafiya don a gwada ɗalibai da su, kuma yau makarantun lafiya da yawa a duniya suna yin haka. Mu ba mu rasa gwanaye ba. Ƙasar da ta saba da wasan kwaikwayo a rediyo da talabijin ba za ta rasa wadda za ta goya ɗan tsana ta shigo tana cewa yaro ya kwana yana amai ba. Ƙungiyoyin matan kasuwa, da masu adashi, da dattawan ƴan kasuwa da suka bar wa ƴaƴansu shago, suna iya ba makarantar lafiya ta garinsu awa biyu a wata. Hajiya ta zauna a matsayin uwar yaro, ɗaliba ta tarbe ta, a ɗauka, a kalla tare. Sannan a tambayi Hajiya: kin ji an saurare ki? Kin gane yadda za ki ba da maganin? Babu malamin da zai amsa wannan tambaya a madadinta.

Wannan zai kuma gyara matsalar harshe. Ɗalibanmu da faransanci suke karatu, da faransanci suke jarrabawa, amma ranar aiki da Hausa za su yi magana, ko Zabarmanci, ko Fulatanci, ko Barbarci, ko Buzanci. Yawancinsu ba a taɓa gwada su a kan yadda za su fassara wa tsohuwa hawan jini ko ciwon suga da harshenta ba, ko yadda za su ce ƙwaya guda safe, guda rana, guda dare har kwana 5, kada a tsaya ko an ji sauƙi, sannan su sa ta maimaita don su tabbatar ta riƙe. A ɗauki wannan a bidiyo da harshen gida, a ba shi maki kamar yadda ake ba sauran darussa.

Sannan da yawa daga cikinmu iyayen waɗannan ɗalibai ne. Makarantun lafiya na kuɗi sun yawaita a biranenmu, kuma da ribar tumatir da atamfa da goro ake biyan su. Ba ma sayen buhu sai mun soka mun ga abin da ke ciki. To kafin mu zuba jakkuna, mu je mu tambayi shugaban makaranta: kuna da ɗakin gwaji? Ɗalibai nawa ke kan malami guda? Sau nawa ɗiyata za ta gwada allura a roba kafin ta taɓa mutum? Kuna nuna masu aikinsu su gani? Makarantar da ta ji wannan tambaya daga bakin iyaye goma, za ta nemo amsa.

A ƙarshe muna kira ga ma'aikatar kiwon lafiya da ta sa wannan hanya cikin tsarin koyarwa na makarantun gwamnati da na kuɗi baki ɗaya, ta rubuta ƙa'idar sirri wadda kowa zai sa wa hannu, ta kuma duba ɗakin gwaji kafin ta ba kowace makaranta izini. Muna kira ga shugabannin makarantu kada su jira takarda daga Yamai, su fara da aji guda a bana. Ga ƴaƴanmu ɗalibai kuwa, kada ku ji kunyar ganin kuskurenku a waya. Gara ku gan shi a can da ku gan shi a jikin ɗan wani. Su kuma ma'aikatan da ke tsaye dare da rana cikin rashi suna riƙe da amana, Allah ya saka masu da alheri.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya haɗa mu da hannun ƙwarai ranar da muka kwanta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.